Mallakar Manhaja da Ɗa'ar Sana'a Idan Aka Yi Aiki Ba Rubutacciyar Yarjejeniya

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi bayani a kan wata matsala da ta fara damun ɗalibanmu waɗanda suka koyi ilmin kwamfuta suka fita neman abinci da shi. Yawancinsu ba su samun aikin albashi, sai su riƙa karɓar aikin rubuta manhaja daga masu makarantu da masu kantin magani da 'yan kasuwa, a yi ciniki da baki, a sa albarka, kowa ya kama gabansa. Muddin ana zaman lafiya ba mai tambayar ko wane ne ya mallaki abin da aka rubuta. Ranar da aka ɓata kuwa, sai mai kuɗi ya ce nasa ne tun da ya biya, marubuci ya ce nasa ne tun da daga kansa ya fito.

Mu ɗauka wani mai kantin magani ya kira wani saurayi ya ce ya tsara masa manhajar da za ta riƙa ƙididdige kayan kanti da ciniki da ranar lalacewar kowane magani, suka shirya a kan naira 300,000, ya ba shi rabi. Bayan wata huɗu aiki ya kankama, mai kanti ya ƙi cika kuɗin, ya kuma nemi a miƙa masa rubutun domin ya ba wani ya ci gaba da shi. Shi kuwa saurayin yana da niyyar ya sayar wa wani kantin da ke tsallaken titi irin wannan manhajar. Za mu duba abin da doka ta ce a kan irin wannan hali, sa'an nan mu duba abin da ɗa'a ta ce, domin abubuwan nan biyu ba kullum suke tsayawa wuri guda ba.

2.0 Bayanin Kalmomi

Abin da muke nufi da manhaja shi ne jerin umurnin da ake ba kwamfuta domin ta aiwatar da wani aiki. Tana da siga biyu. Akwai tushen rubutu, watau abin da mutum ya rubuta da hannunsa cikin ɗaya daga harsunan kwamfuta, wanda duk mai ilmin abin zai iya karantawa ya gyara. Akwai kuma sigar na'ura, watau abin da ake samu bayan an juya tushen rubutun zuwa alamomin da kwamfuta kaɗai ke ganewa. Wanda aka ba sigar na'ura zai iya aiki da manhaja, amma gyara ta zai yi masa wuya ƙwarai. Wanda ke riƙe da tushen rubutu shi ke riƙe da linzami.

Haƙƙin mallaka kuwa shi ne ikon da doka ta ba mutum na ya hana wasu kwafar aikinsa, ko sauya shi, ko rarraba shi, sai da izninsa. Wajibi ne a bambanta shi da mallakar kwafi. Wanda ya sayi littafi a kasuwa ya mallaki wannan kwafin, yana iya aronsa ko ya yi kyauta da shi, amma ba shi da ikon kai shi maɗaba'a ya buga dubu ya sayar. Yawancin rikicin da muke magana a kai daga rashin fahimtar wannan bambanci yake tasowa.

3.0 Matsayin Doka

3.1 Asalin ƙa'idar

Tun daga Dokar Sarauniya Anne ta 1710 a Ingila aka fara ɗora haƙƙin littafi a kan marubucinsa. Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda Nijeriya ta shiga a 1993, ta bi wannan tafarki, ta kuma tabbatar da cewa haƙƙin yana samuwa ne da zarar an yi aikin, ba sai an yi rajista ba. Amurka ta gyara dokarta a 1980 ta shigar da ma'anar manhaja a ciki, sa'an nan yarjejeniyar ciniki ta duniya ta 1994, wadda ake kira TRIPS, ta ce a kare manhaja kamar yadda ake kare ayyukan adabi, ko tana sigar tushen rubutu ko tana sigar na'ura. Ke nan a idon doka mai rubuta manhaja marubuci ne, daidai da mai rubuta ƙagaggen labari. Sai dai a lura, doka ba ta kare tunani ko dabara, yadda aka zuba su a rubuce kawai take karewa. Mai kantin da ya ce shi ya kawo shawarar a yi manhajar bai zama marubuci da wannan ba.

3.2 Nijeriya

Dokar Soja mai lamba 47 ta 1988 ta faɗa a fili cewa aikin da aka sa mutum ya yi, ko yana ma'aikaci ko ba ma'aikaci ba, haƙƙinsa na marubucin ne, sai in an rubuta saɓanin haka a yarjejeniya. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta maye gurbin waccan, ta riƙe wannan tushe: haƙƙi yana fara sauka ne a kan marubuci in ba a yi wata yarjejeniya ba, ban da aikin da aka yi a ƙarƙashin jagorancin gwamnati ko hukumominta. Haka kuma dokar ta ce sallama haƙƙi ga wani, ko ba shi lasisin da ya keɓanta gare shi kaɗai, ba ya inganta sai a rubuce. Amma lasisin da bai keɓanta ba, watau iznin amfani wanda bai hana marubuci ba wasu irinsa ba, ana iya bayar da shi da baki, ana kuma iya fahimtarsa daga halin da mutanen biyu suka nuna.

Idan muka ɗora misalinmu a kan wannan ma'auni, za mu ga saurayin nan shi ne mai haƙƙin mallaka, domin babu takardar da ta fitar da shi daga hannunsa. Mai kanti kuwa, in ya biya, yana da iznin amfani da manhajar a kantinsa, tun da don haka aka yi ta. Haƙƙin nan ba na kwana biyu ba ne, yana ɗorewa har shekara 70 bayan rasuwar marubuci.

3.3 Shari'o'in Amurka

A Amurka aikin da ma'aikaci ya yi a bakin aikinsa na maigidansa ne tun daga farko, saboda haka gardama takan koma ne a kan ko mutum ma'aikaci ne ko ɗan kwangila. Kotun Ƙoli ta warware wannan a 1989 a shari'ar wata ƙungiya mai taimakon marasa matsuguni ta birnin Washington, wadda ake kira CCNV, da wani mai sassaƙa, James Earl Reid. A 1985 ƙungiyar ta sa shi ya sassaƙa mata wata sura, ba su rubuta kome ba, ba su ma ta da maganar haƙƙin mallaka ba. Mai Shari'a Thurgood Marshall, wanda ya rubuta hukuncin da dukkan alƙalan suka amince da shi, ya ce Reid ɗan kwangila ne, domin da kayan aikinsa ya yi, a ɗakin aikinsa, cikin ɗan lokaci, kuma ƙungiyar ba ta biya masa haraji ko wani alawus na ma'aikata ba.

Shekara uku bayan haka, a 1992, aka yi amfani da wannan hukunci a kan manhaja, a shari'ar Aymes da Bonelli. Aymes ya rubuta wa wani kamfanin sayar da kayan wuraren ninkaya manhajar lissafi da ƙididdigar kaya tsakanin 1980 da 1982, ba rubutacciyar yarjejeniya. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce shi ba ma'aikaci ba ne, ta kuma ba abu biyu nauyi fiye da sauran: kamfanin bai cire masa haraji ba, bai kuma ba shi abin da yake ba ma'aikatansa ba. Hikimar kotun a nan ita ce kamfani ba zai ɗauki mutum a matsayin ɗan kwangila lokacin biyan haraji, sa'an nan ya kira shi ma'aikaci lokacin rabon haƙƙi ba. Duk da haka Aymes bai tashi da riba ba, domin a 1995 kotun ta ce kamfanin, a matsayinsa na mai halattaccen kwafi, yana da ikon gyara manhajar don amfanin kansa.

Shari'a ta uku, ta kamfanin Asset Marketing Systems da Kevin Gagnon a 2008, ta ƙara fito da wannan gefen. Gagnon ya yi wa kamfanin manhajoji 6 tsakanin 1999 da 2003, babu wata takarda mai sa hannu da ta yanke maganar mallakarsu. Da suka rabu sai ya nemi a sake biyansa kafin a ci gaba da amfani da su. Kotu ta ce kamfanin ne ya nemi a yi aikin, Gagnon ya yi ya miƙa, ya ma ajiye tushen rubutun a kwamfutocin kamfanin ba tare da wani sharaɗi ba, saboda haka ya riga ya ba da lasisin riƙewa da amfani da gyarawa, kuma tun da an biya kuɗi ba ya iya janye shi.

3.4 Ingila

Dokar Ingila ta 1988 ita ma ta ce sallama haƙƙi sai a rubuce da sa hannu. Inda ba a rubuta ba, kotu takan cike giɓin da sharaɗin da ta ga ciniki ba zai yi ma'ana ba sai da shi. A shari'ar Robin Ray da gidan rediyon Classic FM ta 1998, Mai Shari'a Lightman ya ce kotu za ta ɗauki mafi ƙarancin abin da ya wajaba ne kurum, in lasisi ya wadatar ba za ta hukunta sallamawa ba. A 2005 aka bi wannan a shari'ar Clearsprings da Businesslinx, inda wanda ya biya kuɗin manhaja ya sami lasisin amfani kaɗai, mallaka ta zauna hannun waɗanda suka rubuta, saboda al'adar sana'ar ce marubuci ya riƙa sake amfani da guntayen rubutunsa a ayyuka daban-daban. Hukuncin kotunan Ingila da Amurka ba ya ɗaure alƙalin Nijeriya, amma lauyoyinmu sukan kawo shi don jan hankali, musamman na Ingila.

Abin da muka tsinta daga shari'o'in nan shi ne rashin takarda ba ya ba kowa cikakkiyar nasara. Marubuci yakan tsira da mallaka amma ya rasa ikon hana amfani, mai biya yakan tsira da amfani amma ya rasa ikon hana a sayar wa abokin gasarsa, kuma dukkansu sai sun yi shekaru suna biyan lauyoyi kafin su san haka.

4.0 Matsayin Ɗa'a

Doka tana nuna iyakar abin da kotu za ta tilasta. Ɗa'a kuwa tana tambayar abin da ya kamaci mutumin kirki wanda ya fi abokin cinikinsa sanin sana'ar. Ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM ta sabunta ƙa'idojinta na ɗa'a a 2018, kuma daga cikin abin da suka ƙunsa akwai gaskiya da riƙon amana, da tsare sirri, da girmama wahalar da wasu suka sha wajen ƙirƙira, da ƙin shiga kwamfutar wani sai da izni. A nan gida akwai majalisar rajistar masu sana'ar kwamfuta wadda Dokar Soja mai lamba 49 ta 1993 ta kafa. Da waɗannan za mu auna tambayoyi huɗu.

4.1 Shiru a lokacin ciniki

A ra'ayinmu laifi na farko yana faruwa ne tun ranar ciniki. Mai kanti ya saba da tela da magini da kafinta, waɗanda in ya biya su abin da suka yi ya zama nasa ɗungum. Da wannan fahimta yake miƙa kuɗi. Marubucin da ya san doka ta bar masa mallaka, ya kuma san abokin cinikinsa yana zaton akasin haka, amma ya yi shiru yana jiran ranar da zai ci moriyar jahilcinsa, ya yi yaudara ko da kotu ba ta kama shi ba. Wanda ya fi sani shi ya kamata ya fara ta da maganar.

4.2 Riƙe tushen rubutu da kulle manhaja

In ba a cika kuɗi ba, ba mu ga aibu ga marubuci ya dakatar da aiki ya riƙe tushen rubutun da bai miƙa ba, kamar yadda tela ke riƙe riga har a biya ɗinki. Amma akwai bambanci tsakanin riƙe abin da ke hannunka da shiga gidan mutum ka lalata abin da yake aiki da shi. Wasu marubuta sukan dasa wani ɓoyayyen umurni wanda zai tsayar da manhaja in wata rana ta cika, ko su shiga ta intanet su sauya kalmar sirri. A watan Oktoba na 1990 kamfanin Logisticon ya yi wa kamfanin kayan kwalliya na Revlon irin wannan saboda gardamar biya, ya tsayar da manhajar rumbunansa ta wayar tarho, manyan cibiyoyin rarraba kaya guda biyu suka tsaya cik har kwana uku, ɗaruruwan ma'aikata suka zauna ba aiki. Ma'aikatan nan ba su ci bashin kowa ba. A misalinmu, in aka kulle manhajar kantin magani, mai ciwon da ya zo saye da yaron kanti su za su fara ɗanɗana kuɗarsu. Ban da wannan, Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 ta haramta shiga kwamfutar wani ba izni da hana ta aiki, saboda haka mai bin bashi yana iya wayar gari shi ne ake tuhuma. In marubuci yana son manhaja ta riƙa tsayawa idan wa'adin biya ya wuce, sai ya faɗa tun farko a amince.

4.3 Sake sayarwa da tsare sirri

Shin saurayin nan yana iya sayar wa kantin da ke tsallaken titi? A nan sai mu raba abin da ke cikin manhaja kashi biyu. Akwai guntayen rubutu na gama-gari, kamar na shigar da kalmar sirri da na buga rasit, waɗanda suke kamar almakashi da keken tela, ba mai hankalin da zai ce a bar su gidan wanda aka fara yi wa ɗinki. Akwai kuma abin da marubuci ya sani ta dalilin amana, kamar farashin sari, da sunayen dilolin da ake saye wurinsu, da yadda ake lissafin rangwame, da jerin masu saye. Wannan kashi na biyu na mai kanti ne, ko an rubuta ko ba a rubuta ba, kuma ɗaukarsa zuwa wurin abokin gasa cin amana ne. In jerin ya ƙunshi sunayen mutane da lambobin wayarsu da irin maganin da suke sha, to Dokar Kare Bayanai ta 2023 ma ta shigo ciki, domin masu sunayen suna da nasu haƙƙin.

Akwai kuma kayan aro. Da wuya a yau a sami manhajar da ba a haɗa ta da rubutun wasu wanda suka sake wa jama'a ba. Wasu lasisan, kamar na MIT, sharaɗinsu kaɗan ne, a bar sanarwar masu haƙƙi a jiki. Lasisin GPL kuwa, wanda Richard Stallman ya fitar a 1989, ya wajabta wa duk wanda ya rarraba manhajar da aka gina a kansa ya saki tushen rubutunta a kan sharuɗɗa iri ɗaya. Marubucin da ya ce wa mai kuɗi ya sallama masa kome, alhali rabin aikin aro ne, ya sayar da abin da ba nasa ba.

4.4 Wajibin mai ba da aiki

Kada a ɗauka nauyin duka a kan marubuci yake. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, haka nan wanda ya ci moriyar aiki dole ya biya lada. Mun sha ganin ana ƙara wa saurayi aiki a kan aiki, yau a ce ƙara wannan, gobe a ce gyara wancan, kuɗi kuwa na nan yadda aka yanka tun farko, kuma kunya ta hana shi magana saboda mai aikin sa'an mahaifinsa ne. Mai biyan kuɗin amfani kaɗai kada ya sa ran samun mallaka, domin farashinsu ba ɗaya ba ne. Haka kuma bai dace ya kwafi manhajar ya raba wa abokansa 'yan kasuwa ba, ko ya goge sunan marubucin ya sa na wani, domin doka ta bar wa marubuci haƙƙin a danganta aikinsa gare shi ko da ya sallama mallaka.

5.0 Shawarwari

Sau da yawa abin da ke hana rubutu shi ne tsoron kada a ce ba a yarda da juna ba. Wannan tunani ba shi da tushe a tarbiyyarmu, domin aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umurni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa. Saboda haka muna ba da shawara kamar haka:

(a) Kafin a fara aiki a rubuta ko da shafi ɗaya ne, a bayyana aikin da za a yi, da kuɗin, da lokutan biya, da wanda zai mallaki haƙƙi, da ko za a miƙa tushen rubutu, da guntayen da marubuci zai ci gaba da amfani da su, da kayan aron da ke ciki.

(b) In sallamawa aka shirya, a rubuta cewa tana tabbata ne ranar da aka cika kuɗi.

(c) Wanda ya riga ya fara aiki da baki ya aika wa abokin cinikinsa saƙo ya taƙaita abin da suka shirya, ya nemi ya amsa. Dokar Shaida ta 2011 ta yarda a gabatar da bayanan da suka fito daga kwamfuta a kotu in an cika sharuɗɗanta. A kuma adana rasit da saƙonni.

(d) Kwalejojin ilmi da sauran manyan makarantu su ware wa wannan batu sa'o'i a darussan kwamfuta, a sa ɗalibi ya rubuta yarjejeniyar gwaji tare da aikinsa na ƙarshe, cikin Hausa in abokin cinikin da ake zato Bahaushe ne, domin takardar da mutum bai fahimta ba ba ta hana rigima.

6.0 Kammalawa

A wannan maƙala mun nuna cewa in babu rubutu, dokar Nijeriya tana barin mallakar manhaja a hannun wanda ya rubuta ta, tana ba wanda ya biya iznin amfani, kuma shari'o'in Amurka da Ingila sun nuna yadda kowane ɓangare kan fita da ƙasa da abin da ya zata. Mun kuma nuna cewa mallaka ba ta halatta wa marubuci ɓoye gaskiya lokacin ciniki, ko kulle manhaja, ko fitar da sirrin wanda ya amince masa, kamar yadda biyan kuɗi bai halatta wa mai aiki danne lada ko rarraba kwafi ba. Saurayin misalinmu yana da ikon riƙe tushen rubutunsa har a cika masa naira 150,000 da suka rage, yana da ikon sake amfani da guntayensa na gama-gari, amma ba shi da ikon taɓa kwamfutar kantin ko ɗaukar bayanan da ke cikinta. Muna fata masana shari'a da masana harshe da ke wannan taro za su haɗa kai su samar da samfurin yarjejeniya cikin Hausa, tare da daidaitattun kalmomi, wanda malamai za su iya sa wa a hannun ɗalibansu.